Rama da Jinkirin Girma ga Matashi Mai Amosanin Jini

Ya ku iyaye da masu riƙon yara a unguwar Kilomita Biyar,

Duk gidan da ya raini yaro mai amosanin jini, wato sikila, cutar da takardun asibitocin Bangui ke rubutawa da sunan drépanocytose, ya san wahalar shekarun farko: kumburin hannu da ƙafa, zazzaɓin tsakar dare, da yawon neman mai ba da jini. Idan Allah ya raya yaron ya kai shekara 12 zuwa 15, sai wata damuwa ta dabam ta kunno kai. Sa'anninsa sun miƙe sun bar shi, muryarsu ta buɗe, shi kuwa rigar Sallar bara waccan har yanzu tana yi masa daidai. Yarinya tana gani ƙanwarta ta fara al'ada, ita ko ƙirgar dangi ba ta soma ba. Nan fa kowa zai kawo tasa. Wani ya ce ba a ba yaron abinci, wata ta ce sammu ne ko shafar iska, wani kuma ya faɗi sunan ƙwayar da za a sayo a kasuwa. Kafin ku ɗauki shawarar kowa, ya kamata ku san abin da ke faruwa a cikin jikin ɗanku.

Inda abincin yake tafiya

Jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki kafin ta mutu. Ta mai sikila kuwa, da yake tana lanƙwashewa kamar lauje ta yi tauri, ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Saboda haka ɓargon da ke cikin ƙasusuwansa, wanda shi ke ƙera jini, ba ya hutawa dare da rana. Zuciyarsa ma tana aiki fiye da ta sauran yara, domin da ɗan jinin da ke akwai za ta kai iska ko'ina a jiki. Wannan aiki duka abinci yake ci. Masu bincike sun auna sun ga cewa ko yana kwance ba ya yin komai, jikin yaro mai sikila yana ƙone ƙarfin abinci fiye da na sa'ansa da kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Misalinsa kamar gida ne da ake ginawa, amma kowace safiya sai an ɗebi tubalin da aka tanada don ɗora gini a je a toshe ɓarakar katanga. Ginin zai tashi, sai dai ba da saurin na maƙwabta ba.

Ga kuma kwanakin ciwo. Duk lokacin da ciwon ƙashi ya tashi ko zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, yaro yakan yi kwanaki ba ya iya cin abin kirki, kuma sha'awar abinci ba ta dawowa nan take bayan an sallame shi. Wanda ya kwanta sau huɗu ko biyar a shekara ya yi asarar makonni na girma. Akwai ma sinadarin zink, wanda jiki ke buƙata domin tsawo da balaga da warkewar rauni. Mai sikila yana zubar da shi a fitsari fiye da sauran mutane.

A unguwarmu akwai ƙarin dalili. Da yawa daga cikin matasan yau suna goye ne ko suna tatata a Disambar 2013 da shekarun da suka biyo baya, lokacin da fita daga unguwar nan zuwa asibiti ta zama kasada da rai, iyalai masu yawa kuma suka yi gudun hijira zuwa Kamaru da Chadi. Yaron da abinci ya yi masa ƙaranci a shekarunsa biyu na farko, rigakafinsa kuma ya katse, yana ɗauke da nauyi biyu ne: na cutar da aka haife shi da ita da na wancan zamani. Ku gaya wa likita wannan tarihi idan ya shafi ɗanku.

Jinkiri ne, kuma yawanci ana isa

Wannan shi ne abin da ya fi kamata ku riƙe. A ƙasar Jamaika, wani likita mai suna Graham Serjeant da abokan aikinsa sun gwada jinin jarirai 100,000 da aka haifa a birnin Kingston tsakanin 1973 da 1981, sannan suka bi waɗanda aka samu da sikila shekara da shekaru har suka girma. Sun ga cewa 'yan mata marasa cutar sun fara al'ada a kan shekara 13, masu sikila nau'in SS kuwa sai da suka haura 15. Samari ma miƙewarsu ta balaga ta zo a makare. Amma da yake ƙasusuwansu ba su rufe da wuri ba, sun ci gaba da yin tsawo bayan sa'anninsu sun tsaya, har akasarinsu suka kamo tsawon sauran mutane. Abin da ba su cika kamowa ba shi ne ƙiba. Baligi mai sikila yawanci siriri ne mai dogayen gaɓoɓi, kuma wannan siffa ba alamar yunwa ba ce a kan kanta.

To yaronku mai shekara 14 da ke kama da ɗan shekara 11 bai tsaya ke nan ba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Zai yiwu sai ya kai shekara 19 ko 20 yana ƙara tsawo. Sai dai wannan albishir yana da sharaɗi: sai an tabbata cewa jinkirin na cutar ne kurum, babu wata matsalar da ta ɓuya a bayansa. Ido kuwa ba ya iya tantance wannan, musamman idon uwar da ke ganin yaron kullum. Sai ma'auni.

Ku riƙa auna nauyinsa duk wata uku, tsawonsa kuma duk wata shida, a cibiyar lafiya mafi kusa da ku, kamar ta Mamadou M'Baïki. A auna shi babu takalmi, da tufafi marasa nauyi, a kan sikeli ɗaya in da hali, a kuma rubuta kwanan wata da abin da aka samu a cikin littafinsa na asibiti. Awo ɗaya ba ya gaya muku komai sosai. Jerin awo ne ke nuna ko yaro na hawa, ko ya tsaya, ko yana gangarowa. Kafin balaga yaro yakan ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara. Idan abin da ɗanku ya ƙara a shekara guda bai kai santimita 4 ba, ko nauyinsa ya tsaya cak wata shida, ko ya ragu ba tare da wata jinya da kuka sani ba, to lokacin ganin likita ya yi.

Ma'aikacin lafiya yakan haɗa nauyi da tsawo ya fitar da lamba ɗaya, kuma ba lissafi ne mai wuya ba. A ɗauka yaro ne ɗan shekara 14, nauyinsa kilo 35, tsawonsa mita 1.45. A ninka tsawon da kansa, a sami 2.1, a raba 35 da wannan, a sami 16.6. A jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 domin masu shekara 5 zuwa 19, matsakaicin yaro namiji mai wannan shekaru yana kan 19, ana kuma kiransa ramamme idan ya faɗi ƙasa da 15.5. Wannan yaro siriri ne, amma bai tsallake iyaka ba. Idan jinya biyu a jere suka mayar da shi kilo 32, lambarsa ta koma 15.2, ya tsallake. Kilo uku kacal ke tsakani, shi ya sa muke matsa muku a kan awo. Kada kuma a auna matashi da iyakar manya, domin kowace shekara da tata iyaka.

Game da balaga, ƙa'idar likitoci ita ce a duba yarinyar da ta cika 13 ƙirjinta bai fara tasowa ba, ko ta kai 16 ba ta ga al'ada ba, da yaron da ya cika 14 ba a ga wani canji a gabansa ba. Ga masu sikila sau da yawa amsar takan zama a ƙara haƙuri. Amma likita ne zai faɗi haka bayan ya duba, saboda akwai abubuwan da ke hana girma waɗanda suke da magani: tsutsar ciki, tarin fuka, cutar ƙanjamau, ciwon ƙoda, gyambon ƙafa da ya daɗe, saifar da ta kumbura tana cinye jini, ko tsakuwar matsarmama mai sa yaro tsoron abinci mai maiƙo. Wanda aka sha yi wa ƙarin jini kuma, sinadarin ƙarfe na iya taruwa a jikinsa ya taɓa halittun da ke tsara balaga.

Abin da za a zuba a kwano

Gozo abinci ne mai cika ciki da ba da ƙarfi, amma rogo kusan babu abin gina jiki a cikinsa. Haka farar shinkafa da burodi da shayi, ba su wadatar su kaɗai. Matashin da ya karya da shayi da burodi, ya ci gozo da miya tsululu da rana, ya maimaita da dare, zai ƙoshi amma ba zai ginu ba. Abin da ke gina tsoka da jini yana cikin miya da abin da ake haɗawa da ita: gyaɗa, wake, agushi, riɗi, ƙwai, busasshen kifi, nono, da nama idan an samu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin gyaɗa abin gina jiki ne, ga kuma mai. Miyar ganyen rogo da aka dafa sosai, wadda ake kira ngunza, ko ta ganyen koko, idan ta sha gyaɗa da kifi, ta fi wa ɗanku amfani a kan kwalabar maganin ƙarin jini mai tsada. Zogale da alayyafo da sauran ganyaye suna da sinadarin folik wanda ɓargo ke buƙata. Nama da kifi da agushi da gyaɗa su ne kuma masu zink.

Cikin mai sikila ba ya ɗaukar abinci mai yawa a zama ɗaya, don haka ku ƙara yawan lokutan ci. Bayan ci uku na gida, a ba shi wani abu da hantsi da kuma la'asar: ƙosai, alala, dafaffen ƙwai, ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa mai kauri, fura da nonon da aka tafasa, ayaba ko fiya. Ƙarin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja a kwanonsa yana ƙara ƙarfi ba tare da ya ƙara girman tuwon ba. A sa masa wani abu a jaka idan zai tafi makaranta ko shago.

Akwai wata magana da ba a cika faɗa ba. A gidajenmu samari kan ci a kwano ɗaya, kuma wanda ya fi saurin hannu shi ke ƙoshi. Mai sikila a hankali yake ci, kunya kuma ba za ta bar shi ya ce bai ƙoshi ba. Ku ware masa nasa kwanon, ku kuma yi wa 'yan'uwansa bayani don kada su ɗauka fifiko ne. Idan ya tashi daga jinya, makonni biyu zuwa uku na farko su ne lokacin mayar da abin da ya zube. A ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum.

Ruwa kuma, lita 2 zuwa 3 a yini, fiye da haka a zafin Fabrairu da Maris. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa yadda ya kamata, shi ya sa yake yawan fitsari, wasu har suna fitsarin kwance bayan sun girma. Hana shi ruwan dare ba zai magance wannan ba, sai dai ya jawo ciwon ƙashi. Duka da gori ma haka.

Ƙwayoyin ƙiba

A nan ne iyaye masu kyakkyawar niyya suka fi cutar da 'ya'yansu. A kasuwa da hannun masu tallan magani ana sayar da ƙwayoyi da ruwan magani na sa ƙiba, waɗanda wasu ke kira sha-ka-fashe. Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko yana ɗauke da cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi ne da ke buɗe ciki, yana kuma sa barci da kasala har yaro ya kasa karatu. Na biyu shi ne mafi haɗari, wato dexaméthasone da danginsa irin su prednisolone. Cikin makonni kaɗan fuska za ta yi zagaye, kumatu su cika, dangi su yi ta barka. Abin da ya taru ruwa ne da kitse. A ƙarƙashinsa tsoka na narkewa, ƙashi na yin rauni, sukari da hawan jini na tashi, garkuwar jiki na faɗuwa ga yaron da tun asali saifarsa ba ta kare shi daga ƙwayoyin cuta. Maganin yana kuma rage tsawo, wato abin da aka fita nema shi ake kashewa. Ga masu sikila musamman, an san wannan magani da tayar da matsanancin ciwon ƙashi, sau da yawa bayan an daina sha, yana kuma ƙara haɗarin lalacewar kan ƙashin ƙugu, matsalar da dama take addabar matasa masu wannan cuta.

Idan ɗanku ya riga ya yi makonni yana sha, kada ku tsayar rana ɗaya, domin hakan na iya jefa shi cikin mummunan hali. Ku ɗauki kwalin ku kai wa likita ya tsara yadda za a rage a hankali. Ku kuma duba man shafawar 'yan matanku, saboda da yawa daga mayukan sa fari suna ɗauke da dangin wannan magani, kuma yana ratsa fata ya shiga jini.

Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ma kada a ba shi sai gwaji ya nuna yana buƙata. Ƙarancin jinin mai sikila daga fashewar ƙwayoyin jini yake, ba daga rashin ƙarfe ba.

Maganin da ke taimakon girma da gaske shi ne wanda ke rage kwanakin ciwo. Gidan sauro mai magani kowane dare, ƙwayar folik da aka rubuta masa, maganin tsutsar ciki a kan lokaci, rigakafin da ya rage, da guje wa dukan ruwan sama da wankan ruwan sanyi. Zazzaɓin da ya kai 38.5 na asibiti ne a ranar, ko da dare ne. Sannan akwai hydroxyurée, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Hydrea da Siklos. Yana sa jiki ya ƙera irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. A wani bincike da aka wallafa a 2019, an ba yara fiye da 600 wannan magani a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda. Ciwon ƙashi ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace sun ragu, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu da kusan rabi. A Kano ma likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun yi amfani da shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Ba maganin saye a kasuwa ba ne: sai likita ya rubuta, ana kuma gwada jini a kai a kai, kuma ba a sha da juna biyu. Ku tambayi likitocin Cibiyar Bincike da Jinyar Sikila ta Bangui, wato CRTD, ko na asibitin yara na Complexe Pédiatrique, ko ya dace da ɗanku, ku tambaye su kuma game da ƙarin zink.

Azumi, aiki da aure

Shekarun nan su ne shekarun da yaro ke son ya nuna shi ma ya isa, kuma azumin Ramadan na cikin abin da yake gwada kansa da shi. Yini guda babu ruwa na iya kai mai sikila gadon asibiti, wata guda na ƙarancin ci kuma na iya cinye nauyin da aka yi rabin shekara ana tarawa. Shari'a ta yi wa majinyaci rangwame. Ku nemi ra'ayin likita kafin watan ya kama, sannan ku je da yaron wurin malamin da yake girmamawa ya ji hukuncin daga bakinsa, domin abin da ya fi damunsa shi ne kada a ce masa rago.

A kasuwa, a ba shi aikin lissafi da jiran shago, a raba shi da dakon buhu da turin kura. Idan ya fara ɗingishi ko yana kukan ƙugu ko gwiwa, a ɗauki hoton ƙugun da wuri. Makaranta kuwa kada a cire shi don ƙanƙantar jiki. A sanar da malaminsa ya bar shi ya sha ruwa ya kuma fita bayan gida duk lokacin da ya buƙata.

Yarinya mai sikila, ko ta fara al'ada, jikinta bai gama ginuwa ba sai wajen shekara 20, kuma juna biyu ga mai wannan cuta abu ne mai haɗari ko ga babbar mace. Jinkirta aurenta kariya ce ga ranta. Jinkirin al'ada kuma ba ya nufin ba za ta haihu ba. Idan lokacin ya zo, a gwada jinin manemin da gwajin électrophorèse, saboda gwajin Emmel da aka fi sani yana nuna akwai sikila a jini ne kawai, ba ya bambanta mai AS da mai SS. Jihar Kano ta mayar da gwajin jini kafin aure doka a 2024.

Kai kuma saurayi, ke kuma budurwa, idan wannan takarda ta zo hannunku: ƙanƙantar jikinku ba laifinku ba ce, kuma girmanku na nan tafe a kan nasa lokacin. Kuna da damar ku ga likita ku kaɗai ku tambaye shi abin da kuke jin nauyin faɗa a gaban iyaye. Kai saurayi, idan gabanka ya miƙe da zafi ya ƙi kwanciya har awa biyu, wannan na cikin cutar, kuma na gaggawa ne. Ka faɗa a kai ka asibiti.

Idan tafiya ta kama

Mutanen Kilomita Biyar matafiya ne. Yau yaro na Bangui, baɗi yana wurin kawunsa a Garwa-Bulai ko Ngaundare ko Njamena, ko an tura shi karatu Kano. Likitan can bai san shi ba, kuma idan ya ga siririn yaro mai jini kaɗan zai iya ɗauka sabon abu ne, ko ya ɗauka haka yake alhali ya faɗi ƙwarai. Littafin asibitinsa ya bi shi duk inda za shi, ku kuma ɗauki hoton shafukansa a waya. A shafin farko a rubuta nau'in sikilarsa, SS ne ko SC, da rukunin jininsa, da yawan jininsa a lokacin da yake lafiya, wanda ga masu SS yawanci yakan kasance tsakanin giram 6 da 9, da ranakun da aka yi masa ƙarin jini, da magungunan da yake sha da adadinsu. A ƙarƙashin wannan sai awon nauyi da tsawo na ƙarshe da kwanan watansa. Ku kuma gaya wa wanda zai riƙe shi watan da awo na gaba zai faɗo.